Turaren Gonar Sha'aban

Zaituna ta durƙusa a gindin kututturen bishiyar turare tana tsintar rassan da mijinta ya sassare ya zubar, tana cusawa a buhu. Gari bai gama wayewa ba, amma zafin bazara ya riga ya fara tasowa daga ƙasa. Can bakin hanya wanta Kabo yana zaune a kan babur, ko kashe shi bai yi ba.

"Zaitu, ya isa haka! Itacen girki za ki kai musu?"

"Cewa ya yi in haɗa da masu 'ya'ya, Yaya. Ban ga masu 'ya'yan ba tukuna."

Ta ci gaba da tona tarin har ta samu reshe guda mai ƙananan ƙwanso, kowanne kamar tulun wasan yara. Ta naɗe shi a gefen zanenta, ta ɗaure bakin buhun, ta ruga ta hau bayan babur.

Tun ranar wata Lahadi Sha'aban ya ɗora azarar turare a amalanke ya nufi kasuwar Mai'adua, da niyyar ya sayar ya sayo taki kafin ruwa ya sauka. Bai dawo ba. Amalanken ne ya dawo da yamma, wani maƙwabci yana kora shanun. Ashe a makon an yanke wayar shingen Alhaji Mainasara, mai gandun turare a bayan ƙauyensu, an kwashe azarar da ya sare ya jera a kulle. Yaran Alhaji suna zaga kasuwa suka ci karo da ta Sha'aban, fara, miƙaƙƙiya, suka ce ga kayansu. Maigadi ya ce shi dai ya ji ƙarar amalanke a daren da aka yi satar. Daga wajen 'yan sanda aka wuce da Sha'aban Daura, babbar kotun shari'a, domin an ce daga ma'ajiya aka ɗauki kayan, kuma sun kai nisabi, wato ƙimar kayan da in an sata ake yanke hannu.

Zaituna ba ta san mene ne nisabi ba sai a wannan karon. Ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, ita ma tana cikin matan da suka yi murna a lokacin. Amma kowa ya ji a rediyo an yanke wa wani hannu a wata jiha saboda saniya, kuma matan da ke shigowa yi mata jaje ba sa iya haɗa ido da ita. Wata tsohuwa, da nufin kwantar mata da hankali, ta dafa gwiwarta ta ce, "Ki bar kuka, 'yar nan. An ce allura ake fara yi musu, ba sa jin komai."

Bishiyar kuwa babu wanda ya dasa ta. Fitowa ta yi da kanta a bakin gonar Sha'aban, tsakanin layin turaren da gwamnati ta dasa don tare hamada da wani tsohon lambun rainon dashe da aka watsar. Tana ƙarama shanun huɗa suka take ta, maimakon ta mutu sai ta taso da sanduna da yawa daga gindi ɗaya. Mutanen ƙauye sun san da ita, amma wa ya taɓa tsayawa ƙirga sandunanta? Sha'aban shi kaɗai ya sare ta da sassafe, ya daddatse baki da gindi don tsawon ya zo daidai. Da aka nemi masu shaida, kowa ya ja da baya. Mai unguwa ma zazzaɓi ya kwantar da shi. Alhaji kuwa cewa ya yi, duk ƙasar nan wa ya taɓa ganin turare ya fito da kansa?

Jiya da aka bar ta ta gan shi, Sha'aban ya matso jikin ƙarfen ƙofar kurkukun ya yi ƙasa da murya. "Ki je wurin mutanen gandun daji. Su suka ba Alhaji dashe. Namu ba irin nasa ba ne, namu gindinsa kaushi gare shi. Na faɗa wa 'yan sanda, dariya suka yi mini. Ki kai musu ganye, da 'ya'yan in kin samu."

Duk tsawon hanyar Daura hannuwan mutane take kallo, ba don tana so ba. Mai shayi yana ɗaga moɗa sama yana sheƙa ruwan zafi. Wani yana ɗaure akuya a bayan keke. Wani dattijo yana alwala a bakin shago, yana wanke na dama kafin na hagu. Ta runtse ido, ta kifa goshinta a bayan Kabo.

Ofishin gandun daji tsohon gini ne mai rufin kwano, bishiyoyi sun yi masa rumfa ta ko'ina. Suka tarar da wani mutum mai furfura a gemu yana ɗaure jaka a bayan babur ɗinsa. Masinja ya nuna shi da baki, ya ce shi ne Malam Maharazu, jami'in shiyya.

Kabo ya yi sallama ya fara bayani, amma sai ya dinga kwana-kwana, yana tsoron ambatar kotu. Zaituna ta durƙusa ta karɓi maganar da kanta, ta faɗi komai a numfashi guda.

Malam Maharazu ya saurara har ta gama, ya girgiza kai. "Allah ya kyauta, Malama. Amma ni ba lauya ba ne, kuma kotu ba ta aiko a kira ni ba. Yanzu haka Katsina zan tafi, ana jira na a taro."

"Ranka ya daɗe, yau za a yi zaman. Hannunsa ne."

"Na ji. Sai dai ba na shiga abin da ba a sa ni ba. Alhaji Mainasara mutum ne da muke hulɗa da shi, in na..."

Bai ƙarasa ba, domin ta riga ta kwance bakin buhun ta zazzage rassan a gabansa. Ba ta san abin da za ta ƙara faɗa ba, shi ya sa ta yi hakan. Ya dubi tarin don kada ya dube ta. Sai ya sunkuya ya ɗauki ganye ɗaya, ya murje shi a tafin hannu, ya kai hanci. Ya sake ɗaukar wani. Ya juya bayansa, ya shafa da babban yatsa.

"A ina kika ce wannan take?"

Ta sake faɗa masa.

"Me ke arewa da gonar?"

"Layin gwamnati."

"Kudu fa?"

"Tsohon lambun nan da aka daina."

Ya sauke jakar daga babur. Ya nufi wata doguwar bishiya fara sol a bakin ƙofa, ya tsinko ganye, ya zaga bayan ofis ya dawo da wani ganyen daban. Ya jera su uku a kan kujerar babur. Na farko siriri ne dogo kamar wuƙa, ƙamshin lemun tsami na tashi daga gare shi tun kafin a murza. Na biyu faffaɗa ne, mai gashi-gashi a baya. Nata yana tsakiya, bai kai wancan siranta ba, bai kai wannan faɗi ba. Ta miƙa masa reshen da ta naɗe a zane. Ya ciro wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu daga aljihu ya kafa ido a kan ƙwanson, ya daɗe bai ɗago ba.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Na karanta cewa yana faruwa. Ban taɓa zaton zan gani a ƙasar Daura ba."

Murmushi yake yi. Zaituna ta ji kamar ta fasa ihu. Rana tana ta hawa, shi kuwa yana nan yana jujjuya ƙwanson bishiya kamar wanda aka yi wa kyautar zinariya.

"Malam, don girman Allah, mene ne?"

"Ina jin ruwa-biyu ce. Wancan farin shi ne irin da muka ba Alhaji. Wannan mai faffaɗan ganye shi muka gwada a tsohon lambu, bai yi kyau ba muka bari. Ƙudan zuma ya ɗauko garin furen ɗaya ya kai wa ɗaya, irin ya faɗi a gonarku ya tsira."

"Ke nan ba na Alhaji ba ne?"

"Ban ce haka ba tukuna. Sai na ga azarar." Ya dube ta sosai a karo na farko. "Zan bi ku. Amma ki ji da kyau, abin da idona ya gani kawai zan faɗa. Ba zan ƙara ko kalma ɗaya don in taimake ki ba."

Ta gyaɗa kai.

A ƙofar kotu Kabo ya tsaya. Ya ce shi zai tsare babura, kada a sace. Zaituna ta dube shi, ya kawar da kai. Ta saɓi buhunta ta bi bayan Malam Maharazu.

Ɗakin cike yake maƙil, domin labari ya bazu cewa yau akwai shari'ar haddi. Fanka ɗaya ce ke juyawa a sama, ba ta kora komai sai warin gumi. Ta raɓa ta zauna a bencin mata, ta rungume buhun a cinya. Alhaji Mainasara yana gaba cikin farar babbar riga, yaransa biyu a bayansa. Da aka shigo da Sha'aban sai da ta ƙura ido kafin ta yarda shi ne. Ya zabge, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. An ɗaure hannuwansa ta gaba, yana riƙe da na dama cikin na hagu.

Alƙali tsoho ne, siriri, mai magana a hankali har sai an kasa kunne. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya karanto tuhuma. Maigadi ya maimaita zancen ƙarar amalanke, da aka tambaye shi ko ya ga fuskar mai korawa ya ce duhu ne. Yaran Alhaji suka ce sun gane azarar tun daga nesa, su suka sare ta da hannunsu. Alhaji ya ce duk yankin babu mai farin turare irin wannan sai shi da gwamnati, kuma in ba a yi maganin ɓarayi ba, to me aka kawo shari'ar ta yi? Wasu a baya suka amsa da kabbara.

"Sha'aban," in ji alƙali, "ka ji abin da aka faɗa. Ka ɗauki kayan mutumin nan?"

"Allah gafarta Malam, ban ɗauka ba. A gonata na sara."

"Kana da mai shaida?"

Sha'aban ya waiwaya yana neman fuskokin mutanen ƙauyensu. Babu ko ɗaya. Idonsa ya sauka a kan matarsa. Sai Malam Maharazu ya miƙe, ya faɗi sunansa da aikinsa, ya ce bai san wanda ake ƙara ba, bai ga sara ba, bai ga sata ba, amma in kotu ta yarda yana so ya duba azarar.

Alƙali ya yarda. Azarar tana jibge a harabar kotu a gindin katanga, don haka aka fita gaba ɗaya, har da alƙalin, wani yana riƙe masa lema. Malam Maharazu ya tuɓe hula ya durƙusa. Ya dinga mirgina sandunan ɗaya bayan ɗaya, yana shafa ɓawon daga wannan baki zuwa wancan. Ya kankare wani wuri da farce. Ya sami wani ɗan tsinken reshe da gatari ya tsallake, da ganye biyu a maƙale, ya murza ya shinshina. Ya karɓi buhun daga hannun Zaituna ya gwada. Rana tana dukan kowa, amma babu wanda ya koma inuwa.

"Allah gafarta Malam," ya ce da ya miƙe, "dashen da muka ba Alhaji iri ɗaya ne. Jikinsa santsi ne tun daga ƙasa har sama, kamar an shafe shi da farar ƙasa. Waɗannan ta sama haka suke, shi ya sa duk wanda ya hango zai ce su ne. Amma a duba ta gindi. Ga kaushi nan, ga ɓawo mai saɓa-saɓa. Wannan halin wani turaren ne daban. Ganyen da ke jiki kuma ya yi daidai da wanda matar nan ta kawo. A ganina bishiyar da aka sari waɗannan ruwa-biyu ce."

"Ruwa-biyu kamar yaya?"

"Kamar alfadari, Allah gafarta Malam. Ba doki ba, ba jaki ba."

Aka ɗan yi dariya. Alƙali bai yi ba. "Mene ne sunanta a wurinku?"

"Ba ta da suna nata. In an tabbatar, sai a rubuta sunan uwa, a yi alamar gicciye, a rubuta na uba." Ya ambaci wasu dogayen sunaye biyu da ba su zauna a kunnen kowa ba.

"In an tabbatar, ka ce. Ba ka tabbatar ba ke nan?"

"Ban tabbatar ba. Sai na ga furenta, sai kuma na aika ganye da ƙwanso Zariya masana sun gwada da waɗanda ke ajiye a wurinsu. Zai ɗauki lokaci."

Alhaji Mainasara ya matso, ya nemi izini. Ba da faɗa ya yi magana ba. "Malam Maharazu, mun daɗe tare, ka san ni ba na ƙagen mutum. An yi mini sata, wannan ba ƙarya ba ne. Tambaya ɗaya zan yi maka. Dashen da kuka ba ni, daga iri kuka raine shi ko?"

"Daga iri."

"Irin daga ina?"

"Daga layin gwamnati muka tara."

"Wanda ke kusa da tsohon lambun. To, ƙudan zuman nan naka, gonar Sha'aban kaɗai ya sani? Ba zai yiwu a cikin dubban da ka ba ni a samu irin wannan ruwa-biyun ba?"

Zaituna ta kafa wa Malam Maharazu ido. A zuciyarta roƙonsa take yi, ka ce a'a, kalma ɗaya ce, ka ce ba zai yiwu ba, wa zai sani? Ta ga gumi yana gangarowa daga furfurar gemunsa. Ya dubi azarar, ya dubi ƙasa.

"Zai yiwu," ya ce.

Wani abu ya toshe mata kunne. Ta ji bango a bayanta, ta jingina, ta sulale har ƙasa. Wata mata ta riƙe mata kafaɗa tana cewa ta yi salati. Ita ta je ta ɗauko shi. Da ƙafarta ta je, ta durƙusa masa, ta hana shi tafiyarsa, ta kawo shi ya ƙarasa mijinta a gaban jama'a. Ta hango Sha'aban ya sunkuyar da kai, leɓɓansa suna motsi.

Kamar daga cikin rijiya take jin muryar alƙali.

"Ka taɓa ganin irinta a gandun Alhaji?"

"Ban taɓa ba. Amma ban bi su ɗaya-ɗaya na duba ba."

"Za ka iya rantsuwa cewa daga gonar Sha'aban aka saro waɗannan?"

"Ba zan iya ba, Allah gafarta Malam. Ban ga kututturen ba."

"Za ka iya rantsuwa cewa daga gandun Alhaji suke?"

"Wannan ma ba zan iya ba. Kuma in aka ce in zaɓi wanda ya fi kusa, ba shi zan zaɓa ba."

Alƙali ya juya wajen yaran Alhaji. Ya sa aka mirgino sanda ɗaya, ya nuna gindinta da tsinin sandarsa. "Ku kuka ce da hannunku kuka sare. Kun ga wannan kaushin a ranar?"

Suka dubi juna. Babban ya ce shi dai bai lura ba. Ƙaramin ya ce azara ai azara ce.

Aka koma ciki. Matar nan ta ja Zaituna ta zaunar da ita a bakin benci. Alƙali ya daɗe yana rubutu, ba a jin komai sai kukan fanka. Da ya ɗago, ya cire tabarau ya ajiye.

"Alhaji, an yi maka sata, kotu ba ta musa ba, kuma 'yan sanda za su ci gaba da nema. Amma maigadinka ƙara ya ji, bai ga mutum ba. Yaranka sun ga fari, ba su ga kaushi ba. Mutumin da ya fi mu duka sanin itacen nan ya tsaya a gabanmu ya ce bai tabbatar ba. In shi yana kokwanto, ni da wane ilimin zan tabbatar? Wannan shubuha ce, kuma ba a taɓa jikin Musulmi a kan shubuha. Maganar haddi ta fita daga shari'ar nan."

Hayaniya ta tashi a baya, magatakarda ya tsawatar.

"Saura maganar kaya, na wane ne. Malam Maharazu zai je ya ga kututturen, ya zaga gandun Alhaji, ya aika abin da zai aika Zariya. Azara za ta zauna a nan. Sha'aban zai koma gida in akwai mai tsaya masa, ya dawo ranar da aka kira shi. Kututturen nan kuma amanar kotu ce a hannunsa. In aka tone shi ko aka ƙone shi, shi zan tambaya."

Zaituna ba ta fahimci rabin maganar ba. Sai da matar da ke gefenta ta girgiza ta tana cewa, "Ke, ba za a yanke ba! Kin ji? Ba za a yanke ba!" sannan kukan da ta kwana biyu tana haɗiyewa ya ƙwace mata.

Mai tsayawa aka rasa. Magatakarda ya ce ba a karɓar jami'in da ya ba da shaida, kuma ana son magidanci mai gida a yankin. Zaituna ta share fuska ta fita. Ta sami Kabo a inda ta bar shi, yana tsugune tsakanin babura biyu, ya haɗa kai da gwiwa.

"An yanke?" ya tambaya.

"Tashi, Yaya. Hannu za ka sa a takarda."

"Ni? A ciki?"

"A ciki."

Ya daɗe yana kallon ƙofar. Sannan ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya bi ta a baya kamar wanda za a yi wa kaciya.

Da aka kwance Sha'aban suka fito, Malam Maharazu yana jiransu a gindin wata darbejiya. Zaituna ta durƙusa za ta yi godiya, amma kalmar nan tasa ta "zai yiwu" tana nan tsaye a ƙirjinta, sai ta ji bakinta ya yi nauyi. Shi ma da alama ya gane.

"Na san kin so in ce a'a," ya ce. "Ni ma na so." Ya juya wajen Sha'aban. "Gobe da safe ina nan zuwa. Kututturen zai yi toho, in bai riga ya fara ba. Kada a bari yara su karya, kada mata su fasa shi don itace. Tohon nan nake so ya girma ya yi fure. In babu fure, babu abin da zan kai wa alƙali."

"Yaushe zai yi furen, ranka ya daɗe?"

"Wannan kuma sai Allah. Ban taɓa rainon irinta ba."

Su uku suka hau babur ɗin Kabo, Sha'aban a tsakiya. La'asar ta yi sanyi lokacin da suka bar kwalta, hadari yana ɗan haɗuwa ta gabas. Da suka zo daidai gonar, Sha'aban ya taɓa kafaɗar Kabo ya ce ya tsaya.

"Baban Hasana, mu ƙarasa gida mana," Zaituna ta ce wa mijinta. "Yara suna can, ko wanka ba ka yi ba."

Ya sauka ya taka zuwa bakin gonar, ita ma ta bi shi. Ya tsuguna a gaban kututturen. A gefen da ba ta duba ba da safe, ta ƙarƙashin ɓawon, wasu 'yan toho jajaye sun ɓullo, ba su fi ƙumbar yaro ba. Kusa da su kuma ga sawun awaki, ga na wani da ya zo ya kwashe ragowar rassan da ta bari.

Sha'aban ya dubi sawun, ya dubi hanyar da mata ke bi zuwa itace. Ya tashi ya nufi shingen ƙayar da ke iyakar gonar maƙwabcinsa, ya tsaya, ya fasa taɓawa. Ya dawo ya zauna a ƙasa, ya jingina bayansa da kututturen.

"Kabo, in ka je ka turo mini gatari da tabarma. Ƙayar da zan kewaye shi da ita, a gonata zan sara, da rana, kowa yana gani. Kafin nan ba na matsawa daga nan."

"A nan za ka kwana?" Kabo ya tambaya. "Yau fa aka sake ka."

"A nan."

Zaituna ta sake duban 'yan tohon. Iska ta fara kaɗawa, suna rawa a jikin ɓawon kamar za su tsinke. Ta gyara mayafinta ta juya wajen babur.

"Mu je, Yaya," ta ce. "In ɗora tuwo in kawo masa kafin ruwan nan ya sauko."